Masu Kallon Ƙofa

Mama ta sake kifar da wani kwalin a tsakar shagon, hotuna suka watse har ƙarƙashin benci. Ta zauna dirshan a kan siminti, ta miƙe ƙafar da ke mata ciwo, ta gyara tabarau, ta ci gaba da ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Na manya turewa take gefe ko kallon kirki ba ta yi musu, angwaye ne, sojoji ne, 'yan makaranta ne, ba su dame ta ba. Na yara take tarawa a cinya.

"Mama, don Allah ki hau kujera," in ji ɗanta daga saman tsani. "Sanyin simintin nan, anjima ni za ki hana sakat da ciwon ƙafa."

"Yi aikinka."

Shi mai gyaran wuta ne, kuma aikin nasa ne ya jawo wannan fitowa. Jiya suna cin abinci ya ce, cikin hira kawai, an ba shi aikin sake wayoyin wani tsohon shagon hoto da za a mayar wurin sayar da wayar hannu. Mai hoton ya rasu, ya bar kwalaye cike da hotunan da masu su ba su taɓa zuwa karɓa ba, gobe za a kwashe a zubar. Ya kwatanta layin, ya ce shagon mai koriyar ƙofa. Mama ta ajiye cokali ba ta ƙara ko loma ba. Da safe kafin ya gama sa takalmi ta riga shi bakin ƙofa da jakarta.

A cikin mota ta gaya masa. Ya san yana da yaya da ta rasu tun ba a haife shi ba, amma bai san an taɓa ɗaukar ta hoto ba. Danƙo ubanta ke ce mata, don in ta manne a zanen uwarta sai an ɓamɓare ta. Ba ta cika shekara uku ba lokacin da Mama, tana matashiyar tela mai keke ɗaya, ta kawo ta shagon nan. Aka ɗauka, aka ce a dawo in an wanke. Kafin ranar karɓa ƙyanda ta shigo gidan, ta tafi da yarinyar. Bayan an share makoki uban ya ce bari ya je ya karɓo hoton, Mama ta ce ranar da hoton nan ya shigo gidan ita za ta fita. Bai ƙara tayar da maganar ba. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, ko layin ba ta yarda ta bi.

Da ma ba ta buƙaci hoto ba, tana da mijinta. In abin ya taso mata sai ta ce, "Hancinta fa?" Ya ce, "Irin naki, amma ya fi naki kyau." Ta ce, "In ta yi dariya?" Ya ce, "Ido ɗaya ke rufewa." Bara shi ma ya tafi, babu sauran wanda za ta tambaya a duk duniya. Yanzu in ta rufe ido tana ganin 'yan yatsun ƙafar yarinyar, tana jin nauyinta a baya, amma fuskar ta ƙi zuwa. Abu ɗaya ya rage mata daram: tabo a saman girar hagu, inda ta faɗa kan ƙarfen keken ɗinki tana koyon tafiya. Wannan abu yana ci mata rai, har kunyar kanta take ji. Wace irin uwa ce ke manta fuskar 'yarta?

Ta fito daga gida da tabbacin cewa aikin ba zai yi wuya ba. Yarinya ce cikin farar riga mai leshi a wuya, da farar hula mai igiya, a kan kujerar kaba, bayanta labule mai zanen matakala da tukunyar fure. Sai ga shi cinyarta ta cika da 'yan mata cikin farar riga mai leshi a wuya, da farar hula mai igiya, a kan kujerar kaba, gaban matakalar nan da ba ta zuwa ko'ina.

Wata mata ta fito daga ɗakin ciki, inda ake wanke hoto a da, ta ɗaure hanci da mayafi saboda ƙura. 'Yar mai hoton ce, ita ma furfura ta fara fito mata. Aikin asibiti take, ta ɗauki hutun yini ɗaya don ta kwashe shagon ubanta ta miƙa makulli kafin yamma. Ta tsuguna kusa da Mama.

"An dace, Mama?"

"'Yar nan, wai rigar nan guda nawa ce a garin?"

"Guda ɗaya ce tak. Tamu ce. Baba ba ya son riga mai zane, wai tana yi masa hayaniya a hoto. Kowace yarinya aka kawo sai ya sa an tuɓe mata an sa wannan. Ni ke sa musu. In ta yi yawa in kama bayan da fil, takalmin kuma in cusa masa takarda."

Sai yanzu Mama ta tuna. Kwana ta yi a kan keke tana ɗinka wa Danƙo riga mai 'yan furanni, mutumin nan ya dube ta sau ɗaya ya ce a cire. Ita kuwa lokacin yarinya ce, ga mutum da tabarau da kyamara mai ƙafa uku, ina ta ga bakin musu?

"To ba suna a baya?"

"Sunayen a jikin ambulan suke. Gara ta cinye ambulan ɗin tuntuni, Baba ya juye hotunan a kwali. Bai yarda a zubar ba, kullum cewa yake masu su za su zo."

"Ba komai," in ji Mama. "Tawa tana da tabo a nan." Ta taɓa saman girarta. "In na gan shi na gan ta."

'Yar mai hoton ta cire mayafin daga hanci, ta dubi ɗan a saman tsani, ta dawo da ido kan tarin hotunan.

"Mama, duba mini su da kyau. Kin ga mai tabo ko ɗaya?"

Mama ta duba. Ta baza su a ƙasa, ta bi su da yatsa. Yara masu ƙiba, yara ramammu, masu kumbura baki, masu zare ido. Babu ƙurji, babu ƙujewa, babu ko cizon sauro. Fuskoki sumul kamar an goge su da dutsen guga.

"Baba ba ya barin yaro ya fita da tabo," in ji matar a hankali. "Kafin ya wanke hoto sai ya ɗora fim ɗin a kan gilashi mai fitila, ya fiƙe fensir kamar allura, ya bi fuskar ya cike duk wani tabo. Da shi yake alfahari. Cewa yake uwa ba ta biya kuɗi don ta ga ƙurjin ɗanta ba."

Kai, mutumin nan, Allah ya jiƙansa, ya iya aikinsa har ya wuce gona da iri! Wa ya aike shi? Mama ta saki hoton da ke hannunta ya faɗi. Tabon nan ta yi kuka a kansa ranar da aka yi shi, ta shafa masa mai safe da yamma don ya ɓace, ya ƙi. Ashe wani zai zauna da fensir ya share shi cikin 'yan mintoci.

Ɗan ya sauko daga tsani, ya goge hannu a wando.

"Anti, fim ɗin fa? In fensir ne ai ana iya gogewa."

"Ruwa ya shiga ɗakin wata damina, duk suka manne da juna. Baba da kansa ya zubar, yana kuka."

A waje motar kwasar kaya ta iso, ta tsaya da baya a bakin ƙofa. 'Yan dako suka leƙo, suka fara fita da benci da tsohuwar kujerar kabar, wadda ƙafarta ɗaya ke ɗaure da waya. Mama ta bi kujerar da kallo har aka jefa ta cikin mota. Ɗaya daga cikin 'yan dakon ya nuna kwalayen ya ce, "Har da waɗannan?" 'Yar mai hoton ta ce su fara da ɗakin ciki.

"Ke kika sa mata rigar," in ji Mama, ta kama hannun matar. "Ba ki tuna ta ba? 'Yar fara-fara haka, mai rigima."

Ɗan yana bayan uwarsa yana yi wa matar alama da ido, yana nuna tarin hotunan da haɓa, wato ta ɗauki ko wanne ta ce shi ne, a huta. Matar ta gan shi sarai.

"Wallahi Mama da na tuna da na gaya miki. Ina 'yar firamare lokacin, kuma yaran suna da yawa."

Ɗan ya ja tsaki a ciki. Ya tsuguna ya shiga tonon hotunan da kansa, yana ɗagawa yana karawa kusa da fuskarsa.

"Ki nemi mai kama da ni mana, Mama. Duk wadda kika ga ta fi kyau, ita ce."

"Da wannan kan naka? Allah ya kiyaye."

Ya yi dariya, ya ji daɗi da ta tanka. Can sai dariyar ta tsaya. Ya ɗago wani hoto, ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya dawo da sauri.

"Mama, wallahi ga ta! Dubi idon. Ba kin ce in ta yi dariya ido ɗaya ke rufewa ba?"

Mama ta karɓa da hannu biyu. Yarinya ce tana dariya har da 'yan haƙora a waje, idon dama ya kusa rufewa, hular ta karkace, ƙafa ɗaya ta yi dishi-dishi don tana lilo da ita. Kyakkyawa, mai rai, kamar za ta diro daga kujerar. Mama ta so yarinyar nan nan take, ta so ta da dukan ranta. Ta shafa kumatun da babban yatsa, hawaye suka cika mata tabarau har ta cire ta goge da bakin zane.

"Hancin ma," in ji ɗan. "Anti, ba hancin Mama ba ne wannan?"

"Zai iya zama," in ji matar. Ta ji sanyi a ranta ganin tsohuwa ta samu abin riƙewa, sai bakinta ya buɗe. "Kin ga, Baba cewa yake hoton yaro ba na yaron kaɗai ba ne, har da wanda ya kawo shi. Ya koya mini karanta su. Wanda kika ga ya dunƙule hannu, alawa ce a ciki, cin hanci aka ba shi. Wanda ya ɗaga kai sama, ƙararrawar Baba yake kallo. Irin wannan kuwa mai dariya tana kallon gefen kyamara, uwarta ce tsaye a bayan Baba tana yi mata wasa. Ke take wa dariya, Mama. A daidai can kika tsaya." Ta nuna wani wuri kusa da bango, inda simintin ya lotsa.

Mama ta dubi wurin, ta daɗe tana dubansa. Murmushin da ya fara fito mata ya koma.

"Ban tsaya a can ba."

"Na'am?"

"Ban tsaya a can ba. Ta ƙi zama. Da an ɗora ta sai ta sulalo ta riƙe mini zane. Aka ba ta alawa ta jefar. Sai babanki ya ce, 'Malama, fita waje ki ja ƙofa. In ba ta gan ki ba za ta tsaya cak tana neman ki, ni kuma abin da nake so ke nan.' Na fita. Ina jin ta ta yi shiru, can na ji ƙarar kyamara, sannan ta fasa kuka."

A ɗakin ciki 'yan dako na jan wani abu mai nauyi a ƙasa.

"Haba Mama," in ji ɗan, muryarsa ta sauka. "Shekara nawa? Ƙila kin manta ne. Ƙila sau biyu aka ɗauka."

"Sau ɗaya ne. Wannan ban manta ba."

Ta ƙara kallon mai dariyar. Allah ya sani ba ta son ajiye ta. Ta ajiye ta a hankali a saman tarin, fuska sama.

'Yar mai hoton ta share ido da bayan hannu. Ta yi da-na-sanin buɗe baki, amma magana ta riga ta fita. Ta jawo tarin gabanta ta fara warewa da sauri, irin warewar wanda ya san abin da yake nema.

"Masu kallon ƙofa Baba ke kiran su. Ba su da yawa, sai yaro ya gagara yake korar uwar. Kuma su ne hotunansa da suka fi fita tas, don yaron ba ya ko motsi."

Ta jera su a kan siminti. Mama ba ta taɓa ganin abu mai karya zuciya irin wannan jeri ba. Duk sun juya ido gefe guda, wajen koriyar ƙofar nan da ke buɗe yanzu. Ba mai kuka a cikinsu, kukan bai iso ba tukuna. Leɓen ƙasa ya ɗan turo, ido ya buɗe, hannu ya kama hannun kujera za a sauko.

Suka fara ragewa. Wannan ta yi girma, ƙafarta har ta kai sandar kujera, ta Danƙo kuwa a sama take reto. Wannan jaririya ce, an tokare ta da matashi. Wannan tana da wushirya, waccan baƙa ce wuluk kuma doguwar fuska gare ta. Mama na turewa, tana cewa "ba ita ba" da ƙarfin hali, har ta fara jin cewa za a kai. Da ta kai hannu za ta ture na gaba sai hannun ya tsaya. Biyu suka rage.

Tsawonsu ɗaya. Kumatunsu ɗaya, irin na yaran da ba a daɗe da yaye ba. Hular ta rufe gashi da kunne. Ta farkon ta ɗan karkatar da kai, ta biyun ta ɗaga yatsa ɗaya daga hannun kujera. Ba kama suke ba, kowa ya duba zai ga yara biyu ne daban, 'ya'yan gida biyu. Mama ta dubi wannan, ta dubi waccan, tana jiran cikinta ya gaya mata. Ta ji ya motsa a kan ta farko. Ta koma kan ta biyu, ya motsa daidai yadda ya motsa ɗazu.

"Tsaya," in ji 'yar mai hoton. Ta tashi ta buɗe aljihun tebur, ta ɗauko gilashin ƙara girma mai marikin katako. "Inda ya bi da fensir ana ganewa. Fatar wurin ta fi laushi, kuma akwai 'yan layuka sirara. Girar hagu kika ce?"

Suka koma bakin ƙofa su uku, kai a haɗe. Matar ta ɗora gilashin a kan ta farko, ta matsar, ta tsayar.

"Ga shi! Ya taɓa nan."

Mama ta dafe ƙirji. Ɗan ya ce, "Alhamdu lillahi." Matar ba ta ɗago ba, ta matsar da gilashin kan ta biyu. Ta daɗe. Ta koma cikin shago ta ɗebo wasu daga tarin, har da mai dariyar, ta duba su ɗaya ɗaya. Kafaɗunta suka sauka.

"Duk ya taɓa. Fitila tana sa goshi ƙyalli, ashe bin su yake duka yana kashewa. Babu goshin da bai taɓa ba." Muryarta ta karye. "Ki yafe masa, Mama. Shi a ganinsa alheri yake yi."

"Na sani, 'yata."

Ɗan ya ciro wayarsa ya ɗauki hotunan biyu, ya buɗa su da yatsa har fuskokin suka cika gilashin wayar, suka zama ɗigo-ɗigo, ba a gane ido da hanci. Ya mayar da wayar aljihu. Ya dubi uwarsa, bai taɓa ganin ta ƙanƙance haka ba.

Mama ta zauna a dokin ƙofa da hotunan a tafin hannu. Ta kira sunan a hankali, "Danƙo," ta dubi ta farko. Ta sake kira ta dubi ta biyu. Da mijinta na nan da kallo ɗaya zai yi ya nuna. Ko kuwa shi ma da ya tsaya yana kame-kame? Ba za ta taɓa sani ba. Sai kukan ya zo mata, ba mai ƙara ba, irin wanda ke girgiza kafaɗa. Ta yi kukan yarinyar, ta yi na uban, ta yi na taurin kan da ya hana ta tako layin nan lokacin da fuskar ke sabuwa a idonta, lokacin da ko daga nesa aka ɗaga mata hoton za ta ce tawa ce.

'Yan dako suka gama da ɗakin ciki. Suka tsaya gefe, ba su iya wucewa ba don tana zaune a hanya, kuma ba wanda ya iya ce mata ta matsa. Direban ya ɗan taɓa ham sau ɗaya, ɗan ya harare shi ya bari.

"Mama," in ji shi, ya durƙusa gabanta. "Mutanen nan suna jira. Ki zaɓi wadda ranki ya fi kwanciya da ita. Ko wacce kika ce, ita ce yayata, ba wanda zai taɓa yi miki musu. Zan sa a ƙara mata girma a sa a firam."

Mama ta goge fuska. Ta ware hannuwan biyu, hoto ɗaya a kowanne, ta miƙa na dama kamar za ta mayar wa 'yar mai hoton, sai ta janye. Ta miƙa na hagu, ta janye. Daga inda take zaune, a daidai bakin ƙofar, duk su biyun ita suke kallo.

"In na bar ɗaya ina za a kai ta?"

Matar ta dubi motar kwasar kayan.

Mama ta buɗe jaka, ta ciro wani ƙyalle fari da ya rage mata a ɗinki, ta shimfiɗa a cinya. Ta ɗora ta farko, ta ɗora ta biyu a gefenta, ta naɗe su tare.

"Mama, ɗaya fa ba taki ba ce," in ji ɗan.

"Na sani." Ta sa ƙullin a jaka, ta miƙa masa hannu ya tashe ta. "Ita ma uwarta cewa aka yi ta fita, kuma ba ta dawo ba. Ka sa a yi firam mai cin biyu."